Ƙarƙashin Katifar Maami

Simbiat ba ta zo Ikeja da kwamfutarta ba. Duk wanda ya san kasuwar kwamfuta ta nan ba ya wannan wautar. Ka miƙa wa mai gyara kayanka ka ce bari ka je ka sha ruwa, kafin ka dawo an zare mai kyau an cusa maka ruɓaɓɓe, an ɗaure kusoshi, a karɓi kuɗinka kuma ana yi maka Allah ya kiyaye hanya. Don haka da baki ta zo. Za ta faɗi ciwon, ta ji kuɗin magani, ta koma unguwarsu Ikotun ta yi shawara da jakarta.

Shagon Okwudili yana hawa na biyu, a ƙarshen wani lungu da mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace. A wurinsa ta sayi laftof ɗin wata takwas da suka wuce. Ran nan guda biyu ya ajiye mata a kan tebur, duk tokumbo, waɗanda Turawa suka gama yayinsu aka lodo mana a jirgi. Ɗaya baƙa ce, mai kauri, mai nauyin dutsen guga. Okwudili ya buga bayanta da tafin hannu ya ce wannan ko daga kan babur ɗin okada ta faɗo, titi ne zai ji ciwo. Ɗayar kuwa fara ce mai ruwan azurfa, siririya, in an rufe ta ba ta fi kaurin mujalla ba.

Sana'ar Simbiat zanen katin biki ce, da kalanda, da littafin da ake rabawa a wurin jana'iza. Masu ba ta aiki manyan mata ne, irin waɗanda ke duban abin da ka zaro daga jaka kafin su dubi aikinka. A nan dai babu mai ganin laifinta, garin nan in ka fito da tsumma kuɗin tsumma za a ba ka. Ta zaɓi farar. Sai dai batirinta ya mutu tun a can ƙasarsu, dole a sa sabo. Na asali dubu sittin, ɗayan kuma, wanda ko suna babu a jikinsa, dubu goma sha takwas. "Duk ba caji suke riƙewa ba?" in ji ta. Okwudili ya ce mata araha ba ta ado. Sau ɗaya ya faɗa, ɗan kasuwa ba ya maimaita irin wannan maganar, ya karɓi sha takwas ɗinsa ya ɗaura mata.

Yau ta same shi yana cin okpa, alalen gurjiya, a cikin leda, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan kwali.

"Anti Simbi! Ashe kina gari. Na ce ko kin yi kuɗi kin koma sayayya Dubai."

"Oga Okwy, bar ni da tsiyarka. Amaryar da ka aurar mini ta fara rashin kunya."

"Ai na ce ki ɗauki baƙar, kika ce ke sai 'yar gayu. Me ta yi?"

"Ba ta rufuwa daidai. Wurin da nake goga yatsa ya taso, ya yi tozo. In na ajiye ta a tebur sai ta yi ta rawa kamar kujera mai gajeruwar ƙafa. Nawa za ka danna mini ita ta koma? Kuma kar ka kira mini kuɗin attajiran Lekki."

Okwudili bai yi dariya ba. Ya sauke ƙafarsa daga kan kwalin, ya ajiye ledar.

"Tun yaushe?"

"Mako uku, ko huɗu."

"Tana zafi in tana caji?"

"Zafi? Ka gasa masara a kanta."

Ya sunkuya ya jawo wani bokitin ƙarfe daga ƙarƙashin tebur, cike da yashi. Ya tone yashin da sukundireba, ba da hannu ba, har wani baƙin abu ya bayyana, a kumbure tim kamar burodin da ya sha yis. Ya ce wannan batir ne, ɗan'uwan nata, uwa ɗaya uba ɗaya. Sannan ya nuna mata ƙofar shagon da ke kallon nasa, wadda aka sake wa fenti amma har yanzu baƙi na leƙowa ta saman bango.

"Bara ne. Yaron shagon can ya bar irinta a kan caji ya tafi cin abinci. Ba a fitar da ko allura ba. Anti, ki saurare ni da kyau, ba ciniki nake yi ba. Kar ki sake jona ta, ko na minti ɗaya. Kar ki danne ta da komai. Ki ajiye ta a kan siminti, nesa da tsumma. In kuwa kika ji tana wani ƙamshi mai zaƙi, irin na jan farce, kar ki tsaya ɗaukar takalmi. Yanzu tana ina?"

Nan take Simbiat ta tuna inda ta bar ta.

Kwana uku ke nan babu wuta a layinsu, kuma tana da littafin jana'izar da za ta kai wa masu buga takardu ranar Alhamis. Kowa a unguwar ya san abin da ake yi. Kafin ka fita sai ka jona duk abin da ke jonuwa, ka kunna soket, don masu wuta ba sa sallama, suna iya kawowa da rana tsaka su ɗauke kafin ka dawo. Ita ma da safen nan ta jona. Gidansu kuwa gidan haya ne mai ɗaki goma sha biyu, ƙofa na kallon ƙofa, ga taga da kowa ke iya leƙawa. Ba a barin abu mai ƙyalli a fili. Shi ya sa ta cusa kwamfutar inda ta saba cusa ta, a ƙarƙashin katifar soso, ta bi da wayar cajin ta bayan gado yadda ido ba zai gani ba.

A kan katifar nan mahaifiyarta, Maami, take kwance. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinta na hagu ya shanye, daga kafaɗa har ƙafa, ko allura ka soka mata ba ta sani ba. Da gangan Simbiat take sa kwamfutar a ƙarƙashin wannan ɓarin, don kar taurinta ya dami tsohuwa. Har yaba wa kanta ta yi ranar da wannan dabarar ta zo mata.

"Amma ai babu wuta," ta ce. "Kwana uku babu wuta a wurinmu."

"Wa ke gida?"

Ta zaro waya, ta kira ƙaramar wayar da take ajiye wa tsohuwa kusa da hannun dama. Ƙara biyu aka ɗauka. Kafin ma a yi magana ta ji rediyo na waƙa, ta ji kuma wani sauti da ta sani sarai, ƙarar fankar ɗakinsu mai gunaguni.

"Simbi!" Harshen Maami ya yi nauyi tun ciwon, amma bai hana ta surutu ba. "Albishirinki. Sun kawo! Ko Egbeda ba ki kai ba suka kawo. Ina nan ina shan iska kamar matar gwamna."

Ƙarfe takwas ta bar gida. Agogon bangon Okwudili ya nuna sha ɗaya saura. Kusan awa uku ke nan kwamfutar na kan caji.

"Maami, kina jin zafi? A bayanki, ko a ƙarƙashinki?"

"Wane zafi ga fanka? Ke dai kar ki manta da man zafin nan da na ce."

"Maami, hannunki zai kai soket ɗin bayan gado?"

"Da hannuna yana kaiwa bayan gado ai da na koma kasuwar Oyingbo sayar da kifina. Me ya faru?"

"Ba komai. Ina zuwa yanzu."

Ta kashe. In ta gaya mata, me tsohuwa za ta yi da labarin, ban da ta kwanta a kansa tana jira? Okwudili ya riga ya miƙe, ya ji komai. Ya ce ta kira wani a gidan, a fara cire fis na wutar gidan gaba ɗaya, sannan a buɗe ɗakin a ɗauke Mama, kar kowa ya tsaya ta kan kwamfuta. Ya ƙara da cewa in batir ya riga ya fara, cire fis ba ya tsayar da shi. Wannan ta ji shi ne daga kan matakala, tana sauka bibbiyu.

A buɗe ɗakin. Faɗa da baki ba wuya. Ƙofar ƙarfe ce, da kwaɗo a waje, tagar kuma da sandunan ƙarfe. Makulli biyu ne kacal a duniya. Ɗaya yana jakarta, ɗayan yana wurin Iya Ibeji, maƙwabciyarta mai tagwaye, wadda ke leƙa tsohuwa in Simbiat ta fita. Tana ratsa 'yan tallan waya da masu jan hannun mutane ta kira Iya Ibeji. Hayaniyar da ta ji a bayan muryar ta ishe ta amsa.

"Ina kasuwar Mile 12, 'yata, na zo sarin tumatir. Ai na leƙa ta kafin in fito, na ba ta ruwa. Makullin yana nan ɗaure a bakin zanena. Lafiya?"

Simbiat ta gaya mata cikin numfashi uku. Iya Ibeji ta ƙwalla kiran Yesu har sai da wayar ta yi ƙara.

"Wa ke gida, Iya Ibeji? Wa ke gida yanzu?"

"Da rana tsaka ranar Talata? Kowa ya fita nema. Sai Kolapo, yana rumfarsa."

"Ban da shi."

"Babu ban da shi. Ki ajiye girman kan nan, yarinya. Bari in turo miki lambarsa."

Kolapo mai walda ne, rumfarsa tana jingine da katangar gidan, ɗakinsa na kallon nata. Wata biyar ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa su. Wayarta ce ta ɓace a kan taga tana caji, ita kuwa ta fito tsakar gida, gaban mata da yara, ta ce wasu dai hannunsu maganaɗisu ne, duk ƙarfen da suka gifta sai ya bi su. Ba ta kama suna ba, amma mai walda ɗaya ne a gidan. Kolapo ya rantse da ƙarfen sana'arsa, ya cije shi a gaban kowa, ta tafa hannu ta shige ɗaki. Washegari ta ɗauko wani mai walda daga wata unguwa, don dai ta ƙona masa rai, ya yi mata ƙofar ƙarfe a kan idonsa. Kwaɗon kuwa ta sayi wanda ya fi kowanne tsada a shagon. A nan ba ta nemi araha ba.

Ta tsallaka layin dogo, ta faɗa danfo, motar haya mai zuwa Iyana-Ipaja, ta matse a kujerar baya tsakanin wata mata mai kwandon ganyen ugu da wani dattijo mai jakar takardu. Lambar ta shigo. Ta kira, ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira. Ta san dalili. Mai walda da ya kwana uku babu wuta, in aka kawo ko uwarsa ce ke kira ba zai ji ba, yana can ya rufe fuska yana tartsatsi. A saman wayarta kuma ɗan jan layi ya nuna saura kashi goma sha ɗaya, ita ma kwana uku rabonta da caji na kirki.

Ba su yi nisa ba motar ta tsaya. Gaba motoci, baya motoci, wata tirela ta gindaya a hanya tana ƙoƙarin juyawa. Direba ya kashe inji ya zaro asuwaki. Simbiat ta ji kamar ta fasa gilashi ta fita. Duk Legas addu'a ake a kawo wuta, ita kaɗai take zaune a bayan danfo tana roƙon Allah da dukan zuciyarta a ɗauke. Ya Allah taransifoma ta buga, Ya Allah waya ta tsinke, ko ta wata shida ce ta yarda.

Wayar ta yi ƙara a hannunta. Maami ce.

"Simbi, wai wace ce ke shafa jan farce a bakin tagarmu? Duk ɗakin ya ɗauka. Yaran Iya Ibeji ba su tafi makaranta ba ne?"

"Inna lillahi," in ji Simbiat. "Maami, ki ja jikinki. Ki kama ƙarfen gado da hannun dama ki ja jikinki gefe, ko faɗowa ƙasa ne ki faɗo."

"In faɗo? Kin haukace? In karye ki ce me?" Tsohuwa ta yi ɗan tari. "Ke, gaya mini gaskiya. Me kika ajiye a ɗakin nan?"

"Maami, ki yi ihu. Ki kira Kolapo da ƙarfi."

"Da wannan bakin? Kuma ba ke kika ce kar in ƙara amsa gaisuwarsa ba?"

Kowa a motar ya ji. Nan take shawara ta ɓarke ta ko'ina. Dattijon ya ce a kira 'yan kwana-kwana, wani daga gaba ya ce ta sama za su bi ko ta ƙarƙashin ƙasa? Mai kwandon ugu ta kama gwiwar Simbiat ta fara addu'a da ƙarfi. Kwandasta, wanda ɗazu ya zage ta a kan canji, ya buɗe ƙofa ya ce, "Anti, sauka ki ruga. Bayan gada akwai masu okada a ɓoye. Bar kuɗin."

Ta sauka ta ruga tsakanin motoci, takalmi a hannu, waya a kunne. Kira na biyar, na shida. A na bakwai aka ɗauka.

"Wa ke damuna ina aiki?"

"Buroda Kolapo, ni ce. Simbiat."

Ta ji ya tofar da yawu.

"Au. Me ya ɓace kuma? Cokali? Ki zo ki caje rumfar, ina nan."

"Buroda, don Allah..."

"Yau ni ne Buroda? Ba maganaɗisu ba? Anti mai kwamfuta, ki bar ni in ci abincina, wutar nan ba jira take ba."

Ta san zai kashe. A nan gefen titi, gaban masu tallan ruwa da kayan ƙwalama, Simbiat ta zube a kan gwiwoyinta biyu kamar yana tsaye a gabanta.

"Na durƙusa, Buroda Kolapo. Wallahi a durƙushe nake. Na yi maka ƙazafi, Allah ya gani, ka yi mini duk abin da ka ga dama. Amma Maami ce. Kwamfutata tana ƙarƙashin katifarta a kan caji, batirin zai kama da wuta, ta fara jin warinsa. Na kulle ta a ciki."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maɓoyar da ta ɓoye wa gidan duka saboda mutum ɗaya, ga shi ta faɗa wa mutumin da bakinta. Ta ji ƙarar ƙarfe ya faɗi ƙasa, sannan takun gudu, sannan bugun ƙofa da muryarsa yana kiran Mama, Mama.

"Hayaƙi na fita ta ƙasan ƙofa," ya ce. Babu sauran gatse a muryar. "Kaɗan ne. Ina makulli?"

"Babu. Ka cire fis na gidan, an ce a fara cire fis."

"In na cire fis da me zan yanke kwaɗon? Injina layin gidan yake ci. Wannan kwaɗon naki in da guduma ne sai na yi minti ashirin, shi ma in ya ga dama. Da inji minti biyu. Amma wuta za ta ci gaba da shiga abin. Zaɓi, uwarki ce."

Wane irin zaɓi ne wannan? Ta tuna maganar da ta jiyo a kan matakala, cewa in ya fara ba ya tsayawa.

"Yanke," ta ce. "Yanke, Buroda."

Bai kashe wayar ba, aljihu ya jefa ta. Simbiat ta miƙe ta ci gaba da gudu tana saurare. Ta ji yana jan waya, yana zagin wani ya matsa masa. Ta ji injin ya tashi, ya kama ƙarfe da wannan kukan mai tsinka haƙori. A ƙarƙashin kukan, can nesa, kamar tari. Bayan gada ta sami mai okada, ta haye ba ta tambayi kuɗi ba, ta ce Ikotun, ya tashi kamar an harbo shi. Injin ya yi shiru. Ƙofa ta bugi bango. Sai wani sauti, fuuu, irin na risho in ya yi ambaliya, da muryar mace tana kururuwa daga waje, da Kolapo yana ihu a kawo ruwa, a kawo yashi.

Daga nan wayar ta mutu a kunnenta.

Ta danna, ta girgiza, ta buga ta a cinya. Baƙin gilashi kawai. Daga bayan gadar nan zuwa ƙofar gidansu mai okadan nan bai fi minti ashirin da biyar ba, ta lunguna da kan kwalbati da gaban shagunan mutane, amma Simbiat ba ta taɓa zama a wuri mai tsawo irin bayan babur ɗin nan ba. Ba ta yi kuka ba, tsoro bai bar wa kuka wuri ba. Idonta na sama, tana duban rufin gidaje, tana neman baƙin hayaƙi. Duk wanda ta hango sai ta ce gidansu ne, sai su matso ta ga mai gasa masara ce ko bola ake ƙonawa. Ta fara karanta Ayatul Kursiyyu ta kasa kai ƙarshe, ta koma farko, ta sake ɓacewa a wuri ɗaya.

Wari ne ya fara tarar ta tun daga bakin layi, warin soso da ya ƙone. Jama'a sun cika ƙofar gida, ban da masu bokiti har da masu kallo da waya a sama. Gidan yana tsaye. A tsakiyar titi ga katifar an jawo ta, jiƙe sharkaf, da wani baƙin rami a gefenta wanda tukunya za ta zauna a ciki, har yanzu yana fitar da siririn hayaƙi. Kusa da ita wani abu a lanƙwashe cikin yashi. Ba ta ko dube shi sau biyu ba.

"Ga ta nan! Ga 'yar nan!" Mutane suka dare.

Maami tana kishingiɗe a kan benci a inuwar rumfar walda, an tokare ta da buhun tsumma, an lulluɓa mata wani zane da ba nata ba daga ƙirji zuwa ƙafa. Fuskarta da baƙin hayaƙi, ɗankwali ya tafi, amma idonta tar, har tana ba mata biyu labari da hannun dama. Simbiat ta durƙusa. Da rarrafe ta ƙarasa, ta kifa fuska a kafaɗar tsohuwa, ta ce Alhamdu lillahi ya fi sau goma.

"Ke, ɗaga ni, kin fi buhun garri nauyi," in ji Maami. "Dubi yadda suka tara mini jama'a kamar na mutu. Hayaƙi ne kawai na ɗan shaƙa, ni da na shekara talatin a kan bandar kifi. Ko ƙwarzane ban yi ba. Kolapo ne abin tausayi, je ki ga hannunsa. Ya sungume ni kamar jaririya, ni da ban taɓa hawa bayan namiji ba tun rasuwar ubanki."

Matan suka yi dariya, amma dariyar ba ta yi ƙarfi ba, kuma babu wadda ta dubi Simbiat.

Kolapo yana tsugune a bakin rumfa, hannuwansa biyu cikin roba mai ruwa, gashin girarsa ya ƙone. Ta je ta durƙusa a gabansa. Kafin ta buɗe baki ya girgiza kai, ya yi mata alama da haɓa ta matso.

"Bar wannan," ya ce a hankali. "Na aika a kawo mota, yanzu za ta iso. Asibiti za mu, babba, ba kemis ba."

"Hannunka..."

"Ba hannuna ba." Ya dubi benci, ya sauke murya har sai da ta karkato kunne. "Da na shiga, zanenta na ci ta hagu, ita kuwa tana tambayata wa ya ba ni izinin fasa ƙofa. Ba ta sani ba. Mun zuba ruwa, mun rufe. Ba wanda ya iya gaya mata."

Simbiat ta miƙe. Taku huɗu ne tsakaninta da bencin. Ta zagaya ta ɓarin hagu, inda tsohuwa ba ta iya juyo da wuya sosai, ta kama bakin zanen aron da yatsa biyu ta ɗaga kaɗan. Daga haƙarƙari zuwa cinya, atamfar Maami ta narke ta manne da abin da ke ƙarƙashinta, ba a gane inda zane ya ƙare. Ta saki. Ta toshe bakinta da hannu biyu, amma sautin ya fito ta hanci, kukan da ya ƙi zuwa a kan okada ya zo gaba ɗaya.

Maami ta miƙo hannun dama, ta laluba har ta kamo wuyan rigarta, ta jawo ta ƙasa.

"Haba, Simbi. Don kwamfuta kike wannan kukan? A gaban mutane?" Ta shafa mata kai, tana bubbuga ƙeyarta kamar yadda take yi tun tana yarinya. "Yi shiru, 'yata. Abin duniya ne, za ki sayi wata. Tunda ni ba abin da ya same ni, ai sai godiya."